Shekara arba'in a bayan jarumi: ni ban ga asarar da Peter Stormare ya yi ba

Daren Juma'ar da ta wuce ɗan yayata ya shigo da waya a hannu, yana sake kallon Prison Break, fim ɗin gidan yarin nan da aka yi yayinsa tun zamanin faifan DVD. Ya tsayar da hoton daidai kan fuskar John Abruzzi, dogon mutumin nan mai gashi a kwance da murya ƙasa-ƙasa, ya miƙo mini.

"Kawu, dubi tsohon nan. Shi ne fa na farkon John Wick na biyu, shi ne kuma ɗan Rashan cikin Armageddon. Tun kafin a haife ni yake fim, amma har yau bai zama akta ba. Kullum ko bos, ko yaron bos, ko a kashe shi tun fim bai yi nisa ba. Wallahi asarar shekaru kawai ya yi."

Na ce masa, "Ɗana, ka gane shi a fim uku alhali ko sunansa ba ka sani ba. Wannan bai ishe ka shaida ba?" Ya yi dariya ya ci gaba da kallonsa. Ni kuwa maganar ta tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Na sha jin irinsa a majalisa da shagunan tura fim, har daga bakin manya.

Matsayina a fili yake. Ɗan wasan da ya haura shekara arba'in ana kiransa aiki, daga wannan ƙasa zuwa waccan, darakta na miƙa wa darakta, alhali ba sunansa ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kan fosta ba, ya kai inda jarumai da yawa ba su kai ba. Tallafa wa jarumi fanni ne mai zaman kansa, da wuyarsa da gwanayensa. Rainin da muke yi wa masu wannan fanni rashin sanin yadda ake haɗa fim ne ya jawo shi, kuma illarsa tana kaiwa har aljihun mutane.

Sunan mutumin Peter Stormare. An haife shi a 1953 a garin Kumla na ƙasar Suwidin, ya tashi a Arbrå, wani ɗan ƙaramin gari da ke can arewa da Stockholm. Ya yi karatun wasan kwaikwayo a Stockholm, daga nan ya shiga Dramaten, babban gidan wasan daɓe na ƙasar, wanda Sarki Gustav na Uku ya kafa a 1788. Kimanin shekara goma ya yi a can. A 1990 ya tafi Tokyo ya yi aiki da wani gidan wasa, a 1993 ya koma New York, a 1996 fim ɗin Fargo ya fito, duniya ta san fuskarsa. Lokacin yana da shekara 42 da 'yan watanni.

"Da ya iya, ai da an ba shi jarumi"

Wannan ce hujjar da aka fi kawowa, kuma ita ce mafi rauni.

A ƙarshen 1986 Ingmar Bergman, daraktan da ya fi kowa suna a tarihin fim ɗin Suwidin, wanda fina-finansa uku suka ci kyautar Oscar ta fim ɗin harshen waje, ya shirya wasan Hamlet na Shakespeare a Dramaten. Hamlet shi ne mafi tsawo a wasannin Shakespeare, kuma wanda ya fito a matsayin yariman shi ke ɗauke da nauyin magana mafi yawa, a tsaye gaban jama'a, babu damar a ce a yanke a sake. Bergman yana da gwanayen ƙasar duka a hannunsa. Stormare ya zaɓa. Aka zaga da wasan ƙasashe, har New York a 1988, ana yin sa da harshen Suwidin a gaban mutanen da ba sa jin yaren.

A 1998 kuma ya ja fim ɗin Hamilton a ƙasarsu, a matsayin jami'in leƙen asiri, shi ne akta tun daga farko har ƙarshe. Saboda haka batun bai iya ba ma bai taso ba.

Abin da ke sa a ba mutum jarumi a Hollywood lissafin kasuwa ne. Masu zuba miliyoyin daloli suna neman fuskar da za ta sayar da tikiti a makon farko, mai ƙuruciya, mai Turancin da ɗan Amurka ba zai ji baƙon harshe a cikinsa ba. Mutumin da ya iso Amurka yana ɗan shekara arba'in, da harshen garinsu a bakinsa da fuska mai kwarjini, ba ya cikin wannan lissafi ko da ya fi kowa iya wasa. Ita kuma Suwidin jama'arta miliyan 10 ne da 'yan kai, ko jihar Kano ta fi ta yawan mutane. Wanda ya tsaya yin jarumi da harshenta kaɗai ya san iyakar kasuwarsa.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci a wurina, wato tarbiyyar da ya taso a cikinta. A gidajen wasan daɓe na Suwidin ƙungiya guda ce ke yin wasanni iri-iri a shekara. Wanda ya yi sarki a wannan wasa zai iya zama mai gadi a na gaba, ba kuma wanda zai ce an ci masa mutunci. Bergman ya ɗauko wannan al'ada ya kawo ta fim.

Dubi shekarar 1957. A farkonta ɗan wasan Suwidin Max von Sydow ya ja fim ɗin Bergman da duniya ta sani da The Seventh Seal, shi ne mayaƙin da ya dawo daga yaƙi ya tarar da annoba a ƙasarsa. A ƙarshen shekarar Bergman ya fitar da Wild Strawberries, sai ga von Sydow ɗin nan a matsayin mai gidan mai, yana zuba wa wani tsohon likita fetur, ya ƙi karɓar kuɗi saboda alherin da likitan ya taɓa yi wa mutanen yankin. 'Yan mintoci ne, ya ɓace. Amma a cikin waɗannan mintoci ne mai kallo ke gane cewa tsohon nan da iyalinsa ke ganin mai busasshiyar zuciya ne, akwai inda ake yi masa addu'a.

Gunnar Björnstrand shi ne baran mayaƙin a fim na farko. A 1963 suka yi musanya: Björnstrand ya ja fim ɗin Winter Light a matsayin limamin coci, von Sydow ya fito a masunci mai damuwa da ya zo neman shawara. Shi kansa Stormare a 1982 ya leƙa cikin Fanny och Alexander na Bergman a matsayin wani saurayi da ke taya ɗaukar akwati. Bayan shekara huɗu ya zama Hamlet a hannun daraktan nan dai.

Wanda ya fito daga irin wannan makaranta, in aka miƙo masa takarda, ba ƙirga yawan layukansa yake fara yi ba. Tambayarsa ita ce me wannan mutum ya zo yi a cikin labarin.

Abin da shiru ya yi a Fargo

Bari in tsaya kan fim ɗaya, domin a nan ake ganin sana'ar ƙuru-ƙuru.

Labarin Fargo, na 'yan'uwan nan Joel da Ethan Coen, na wani dillalin motoci ne a jihar Minnesota da bashi ya yi wa katutu. Ya ɗauki hayar 'yan ta'adda biyu su sace matarsa don surukinsa mai kuɗi ya biya fansa a raba. Ɗaya daga cikinsu, wanda Steve Buscemi ya fito a matsayinsa, bakinsa ba ya rufuwa. Ɗayan shi ne Gaear Grimsrud, wato Stormare, wanda duk kalmomin da ya furta a fim ɗin ba su taka kara sun karya ba.

Akwai wurin da suke cikin mota za su shiga birnin Minneapolis. Buscemi yana tuƙi yana zuba, yana nuna dogayen gine-gine, yana tambaya. Stormare na gefe, taba a laɓɓansa, ido rabi a rufe, yana kallon gaba kamar babu kowa a motar. Amsa biyu ya bayar, gajeru. Mai surutun ya fusata, ya ce shi ma zai yi shiru a gani, amma ya kasa, ya ci gaba da maganar yadda zai yi shirun. Mai kallo yana dariya, amma gabansa na faɗuwa, domin ya soma gane cewa wannan da ba ya magana shi ne abin tsoro. Ba a jima ba kuwa ya harbe ɗan sanda a bakin hanya, ya bi wasu matafiya biyu da suka gani ya kashe, fuskarsa ba ta canza ba.

Sai ƙarshen fim. Shugabar 'yan sandan garin Brainerd, mace mai tsohon ciki, ta kama shi ta saka a bayan mota. Tana tuƙi cikin ƙanƙara, tana kallonsa ta madubi, tana lissafa rayukan da aka kashe, tana tambayar a kan me, a kan 'yan kuɗi kaɗan. Ta ce ita ta kasa fahimta. Shi kuwa yana bayan ragar ƙarfe, bai ce uffan ba.

Frances McDormand ta ci Oscar a 1997 da wannan rawa, kuma ta cancanta. Amma a daure a yi tunanin wurin da wani ɗan wasa a bayan motar, wanda zai sunkuyar da kai don a ga ya yi nadama, ko ya yi murmushin mugunta don a tuna da shi. Da ya yi ɗaya daga ciki, da maganarta ta koma wa'azi ko cacar baki. Fuskar nan da babu komai a cikinta ce ta sa tambayarta ta rasa amsa, rashin amsar kuma shi ne abin da fim ɗin yake son ya bari a zuciyar mai kallo.

Kame kai irin wannan ya fi kuka da ihu wuya. Kowane ɗan wasa yana son kyamara ta tsaya a kansa, yana son ya nuna abin da ya iya. Wanda ya yi Hamlet ya zauna a bayan mota ya bar wa wata fage, domin ya san abin da wurin ke bukata ke nan.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin da babban mawaƙi ke wasa da makaɗansa ya san abin da nake nufi. Sunan mawaƙin ake kira, shi ake yi wa liƙi. Amma a janye 'yan amshi da masu kalangu a bar shi shi kaɗai, a ji yadda waƙar za ta yi lami.

"Ai kullum mugu yake fitowa, kuma kullum baƙo"

Wannan hujja tana da nauyi, ba zan share ta ba.

A 1998 ya fito a Bajamushe a The Big Lebowski, ya kuma fito a ɗan sama jannatin Rasha a Armageddon. A 2000 Bafaranshe ne mai dukan matarsa a Chocolat. A 2003 ɗan Rasha ne mai harkar ƙwaya a Bad Boys II. A 2005 ɗan mafiyar Italiya ne a Prison Break. A 2017 ya sake zama ɗan Rasha a John Wick na biyu, kuma wanda ya fito a matsayin ɗan'uwansa a fim na farko, marigayi Michael Nyqvist, shi ma ɗan Suwidin ne. Kafin su duka, a 1985, Dolph Lundgren, wani ɗan Suwidin ɗin, shi ne ɗan damben Rasha da Rocky ya kara da shi a fim ɗin Rocky na huɗu.

Wannan kasala ce ta Hollywood, kuma akwai raini a cikinta. A wurinsu duk Baturen da harshensa ya ɗan karkace zai iya zama ɗan kowace ƙasa, muddin aikinsa ya tsorata Ba'amurke. Mu mun fi kowa sanin ciwon wannan ɗabi'a. Mun ga yadda ake fito da Balarabe da rawani da bam, mun ga yadda ake ɗauko baƙin mutum a liƙa masa wani harshe da babu ƙabilar da ke yin sa a Afirka, a ce madugun 'yan tawaye ne na wata ƙasa da ba a ko damu a raɗa mata suna ba. Ba na jin daɗin ganin haka, kuma ba zan ce Stormare ba shi da ko ɗigon alhaki ba, tunda ya karɓa ya yi.

Sai dai a raba laifin daidai. Ba shi ya rubuta labaran ba, ba shi ke raba rawa ba. Abin da ke hannunsa shi ne yadda zai riƙe abin da aka ba shi, kuma a nan ne nake ganin ya fita kunya.

Ɗauki ɗan sama jannatin Armageddon. A takarda abin dariya aka rubuta, mutumin da zaman kaɗaici a tashar sararin samaniya ya taɓa masa kai. Amma in ka lura, shi ne wanda ya fi kowa sanin na'urorin, shi ya tsaya ya ceci abokin tafiya, kuma a ƙarshe da kumbon ya ƙi tashi shi ya kama ƙarfe ya dinga bugun injin har ya kama. Stormare ya ba shi zuciya da mutunci, har masu kallo da yawa suka fi tuna shi a kan wasu manyan sunayen fim ɗin.

Ko Abruzzi ɗin. A farkon Prison Break shi ne ya sa aka yanke wa Scofield, jarumin fim ɗin, yatsun ƙafa da almakashin lambu. Daga baya aka yanke shi a wuya, ya tsallake rijiya da baya, ya dawo gidan yarin yana maganar tuba da Ubangiji. Daga nan har aka harbe shi a farkon zango na biyu, mai kallo bai taɓa samun natsuwar cewa tuban gaske ne ko na muzuru ba. Ga alama shi kansa Abruzzin bai sani ba. Riƙe mutum a tsakanin hali biyu irin haka, mako bayan mako, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Kuma da aka ba shi wani abu dabam ya nuna. A 2000, a fim ɗin Dancer in the Dark na daraktan Denmak Lars von Trier, wanda ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes a shekarar, Stormare shi ne Jeff, wani bawan Allah mai kunya da ke son wata ma'aikaciyar masana'anta da idonta ke mutuwa. Kullum yana tsaye a ƙofar masana'antar da motarsa, ko za ta yarda ya rage mata hanya. Tana ƙi, gobe ya dawo. Babu tsawa, babu bindiga. Wanda ya san shi a Fargo kaɗai zai yi rantsuwa ba mutum ɗaya ba ne.

"To ina kyaututtukansa?"

Bai taɓa cin Oscar ba, ko takara ba a taɓa saka shi ba. Gaskiya ne. Amma a duba yadda masu ba da kyautar suka ɗauki wannan fanni tun asali.

An fara Oscar a 1929, amma sai a bikin 1937 aka ware kyauta ga masu tallafa wa jarumi. A shekarun farko ma allo ake miƙa musu, ba mutum-mutumin zinaren da ake ba jarumai ba. A Suwidin an fara kyautar Guldbagge a 1964, aka yi sama da shekara talatin kafin a buɗe wa masu tallafawa nasu rukunin. Ashe rainin ba a majalisarmu ya fara ba.

Max von Sydow ya soma fim a 1949, ya rasu a 2020 yana da shekara 90. Sau biyu aka saka shi takarar Oscar, bai ci ba. Na biyun a 2012 ne, yana da shekara 82, a rukunin masu tallafawa, da rawar wani dattijo da bai furta ko kalma ɗaya ba a duk fim ɗin. Duk wanda zai ce von Sydow bai yi nasara ba saboda babu mutum-mutumi a ɗakinsa, ya nemi wani ma'aunin.

"Ya cika yawan fitowa, har a fina-finan banza"

Nan ma akwai gaskiya. Cikin ɗimbin fina-finansa akwai waɗanda ko kyauta aka ba ni ba zan sake kallo ba. Ya yi tallace-tallace, ya ba da murya da fuska a wasannin bidiyo.

Amma jarumi na iya yin fim ɗaya ya zauna shekara biyu yana zaɓe, saboda abin da aka biya shi ya isa. Mai tallafawa kwana kaɗan yake yi a lokeshan, a sallame shi, ya jira kira na gaba. Ba ya ganin yadda fim zai kasance sai an gama haɗawa, kamar kowa. Abin da zan tuhume shi a kai shi ne in na ga ya yi wasa da aikin, ya zo ya karanta layi ya karɓi kuɗi. Ko a fina-finan da suka faɗi ƙasa warwas, da wuya ka ga haka daga gare shi.

Inda maganar ta fi yi mini zafi

Akwai hujja ɗaya da nake ganin ta fi sauran duka, kuma ba a cika kawo ta ba. Wani zai ce: kana yabon mutum ɗaya da ya dace, alhali dubban masu irin aikinsa suna tsufa cikin talauci.

Haka ne. Stormare ba ma'auni ba ne na yadda masu tallafawa ke rayuwa. A 2023 ƙungiyar 'yan wasan Amurka, SAG-AFTRA, mai mambobi kusan 160,000, ta yi yajin aiki na kwana 118, daga Yuli zuwa Nuwamba. Cikin manyan koke-kokensu akwai ɗan kason da ake biyan ɗan wasa duk lokacin da aka sake nuna aikinsa, wanda ya ƙanƙance tun da kallo ya koma intanet, da kuma tsoron a kwafi fuskar mutum da muryarsa da kwamfuta a daina kiransa. A lokacin ƙungiyar ta bayyana cewa mafi yawan mambobinta ba sa samun dala 26,000 da 'yan kai a shekara, wato abin da ake bukata a shekarar kafin mutum ya shiga inshorar lafiyarta. Ba don manyan taurari aka yi wannan yaji ba. Don masu fitowa a likita, da direban tasi, da maƙwabciya aka yi shi.

To me ya sa Suwidin, ƙaramar ƙasa, take ta fitar da 'yan wasa masu dogon zango irin su von Sydow, da Erland Josephson, da Stellan Skarsgård, da Stormare? Baiwa tana ko'ina. Abin da suka yi shi ne gina wa sana'ar ƙasan da za ta tsaya a kai.

Ƙungiyar 'yan wasansu ta samo asali tun 1894. A 1963 aka kafa cibiyar fim ta ƙasa, aka riƙa cire kashi 10 cikin 100 na kuɗin tikitin sinima ana mayarwa cikin shirya fina-finai, har zuwa 2017 da gwamnati ta ɗauki nauyin kai tsaye. Gidajen wasan daɓe na manyan birane suna samun kuɗin hukuma, suna ɗaukar 'yan wasa aiki da albashi. A 1999 kuma aka kafa Teateralliansen, wadda ke ɗaukar ƙwararrun 'yan wasa masu zaman kansu aiki. In an kira mutum fim ko wasa sai ya ɗauki hutu ya je ya yi, in aikin ya ƙare ya dawo albashinsa ya ci gaba, fanshonsa bai yanke ba. Ba kowa ke samun gurbi ba, kuma su ma 'yan wasan can suna da nasu kukan. Amma tunanin da ke bayan tsarin shi ne wanda ke fitowa a uba ko a alƙali ma'aikaci ne, yana da haya da zai biya a watan da babu kira.

A irin wannan ƙasa ne saurayi daga Arbrå ya samu shekara goma yana koyon aiki a gaban jama'a dare bayan dare, da albashi, kafin Hollywood ta san da zamansa. Fuskar nan ta bayan motar 'yan sanda a can aka ƙera ta.

A nan ne kaɗai zan waiwayo gida, domin ciwon iri ɗaya ne. A 2022 hirar da BBC Hausa ta yi da Hajiya Ladin Cima ta ta da ƙura, bayan ta faɗi ɗan abin da take samu a fitowa duk da shekarun da ta kwashe a harkar. Wasu masu shirya fim suka fito suka musanta, kowa ya faɗi nasa, aka yi ta ce-ce-ku-ce a Facebook, ƙurar ta lafa. Ba ni da hurumin yanke hukunci tsakaninsu. Abin da na lura da shi shi ne yadda masu kallo da yawa suka tsaya kan tausayi, a tara mata kuɗi, a taimaka wa tsohuwa, kamar maganar sadaka ake yi alhali maganar haƙƙin aiki ce.

Mai kallon da ya yarda cewa duk wanda bai zama akta ba ya yi asarar shekaru, ba zai ga aibu ba in an sallami mai fitowa a uwa ko a maigari da kuɗin mota. Furodusa ma ya san ba za a tambaye shi ba. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin 'yan fim na Kano da Kaduna da Jos ya kamata su zauna su yanke mafi ƙarancin abin da za a biya ɗan wasa a yinin aiki, babba ne ko ƙarami, a rubuta a takarda, a sa hannu kafin a kunna kyamara, a kuma ware wani kaso daga kowane fim a zuba a asusun da dattawan sana'ar za su riƙa karɓa a matsayin haƙƙinsu.